Ranar da Aka Ɗaga wa Anti Tela Baƙar Tuta

Matata tela ce. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana kan keken ɗinki, kuma duk layinmu Anti Tela ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Ba ta taɓa tuƙa mota ba. Sau biyu na yi niyyar koya mata, sau biyun muka dawo gida kowa yana kallon tagarsa, don ita ba a ce mata "a hankali" ta ji.

Ƙanenta bakanike ne. Da ya bar garejin da ya daɗe a ciki, sai ya samu aiki a wani filin tsere da ke bayan gari, inda mutane ke zuwa tuƙa ƙananan motocin nan da ake kira kat. Ba su da rufi, ba su da ƙofa, ba su da giya. Kujera ce kusa da ƙasa, sai sitiyari, sai inji a baya. Ƙafar dama totur, ta hagu birki, shi ke nan.

Wata Juma'a ya shigo shagonta, hannunsa duk baƙin mai, ya tsaya nesa da yadudduka don ya san halinta.

"Yaya, mai filinmu yana neman wanda zai sake wa kujeru riga. Sosonsu ya mutu, fatar duk ta tsattsage. Na ce masa ina da tela a gida."

"Kujera nawa?"

"Goma sha huɗu."

"Ba na ɗinka wa abin da ban gani ba. Malam, gobe ka kai ni."

Washegari na kai ta. Filin kwalta ce baƙa wuluk, ta murɗe nan ta murɗe can kamar hanjin akuya, an jera tsofaffin tayoyi masu fenti ja da fari a gefe da gefe. Akwai rumfar kwano da benci uku, da wani allo mai wuta da ke nuna lokacin kowa. Ko'ina warin fetur da ƙonanniyar roba. Mai filin, wani gajere mai ƙaton tumbi da usur a wuya, ya tarbe mu da fara'a.

Ta zaro tef ɗinta ta gwada kujera uku, ta danna soso da babban yatsa, ta taɓe baki. Sannan ta miƙe ta ce, "Ba zan san inda take cin mutum ba sai na zauna tana tafiya."

Mai filin ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Da ya ga ita ba dariya take ba, sai ya dube ni. Na ɗaga kafaɗa. Ya dubi ƙanenta, shi kuwa tuni ya tafi ɗauko hular kwano.

Ta ɗaure mayafinta tamau, aka zura mata rigar tsere, ta sa hula, aka nuna mata totur da birki. Kwana ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ma haka. A ta uku ta shiga cikin tayoyi da ƙarfi, har biyu suka yi tsalle sama. Na ruga da gudun da rabona da irinsa tun ina saurayi. Na same ta ta ɗaga gilashin hula, idanunta na ƙyalli.

"Gefen hagu na kujerar ne yake cin haƙarƙari," ta ce. "Amma ban tabbatar ba. Ku tura ni in sake."

Kujerun ta gama su cikin kwana tara. Zuwa filin kuwa bai ƙare ba. Kowace Asabar da safe sai ta rufe shago, ta manna takarda a ƙofa cewa sai azahar, mu kama hanya. Na tono tsohon agogon da nake auna gudun ɗalibai da shi, na sayi ɗan littafi, na zama mai rubuta mata lokaci. Allon filin yana nan yana aikinsa, amma ta ce ta fi yarda da ni, ni kuma ban ƙi ba.

Zagayenta na farko da ba ta yi karo ba daƙiƙa hamsin da takwas ne. Bayan wata guda ta dawo arba'in da tara. Kafin wata na uku ya ƙare ta yi arba'in da huɗu da ɗigo shida, ƙanenta ya ajiye sifana ya zo ya leƙa littafina don ya ɗauka na yi kuskure.

"Ka san sirrinta?" ya ce da ni. "Mutane suna taka totur kamar masu kashe kunama. Yaya kuwa lallaɓa shi take yi. Saurari injin in ta fito kwana, ko tari ba ya yi."

Da na faɗa mata sai ta ce, "To mene ne abin mamaki? Wanda ya ɗinka wuyan riga a yadi mai santsi ai ya san ƙafa ba duka take yi ba."

Autarmu ma'aikaciyar jinya ce, a asibiti take ganin karaya kullum. Da labari ya kai mata, ko kayan aiki ba ta cire ba ta zo gida.

"Umma, don Allah. Shekararki hamsin da huɗu fa."

"Da biyar. Kar ki rage mini."

"Abba, kai ma kana gani ka yi shiru?"

"Ni agogo kawai nake riƙewa," na ce.

"Ki zo ki gani da idonki," uwar ta ce, "sannan ki yi mini wa'azi. In kin ga abin tsoro, zan saurare ki."

Auta ta ce ita ba za ta je kallon uwarta tana neman karya ƙugu ba, ta ɗauki jakarta ta tafi.

A Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata ake yin gasa, mutum goma, zagaye ashirin. Yawancinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu neman inda za su sauke gajiyar mako. A cikinsu akwai wani likitan haƙori, siriri mai furfura a gemu, wanda ya shekara shida yana zuwa. Hularsa fara ce tasa ta kansa, kuma bai taɓa ɗaga murya a filin ba. Likita kowa ke ce masa. Shi ne mutum na farko da ya fara gaida matata a matsayin direba, ba a matsayin mai ɗinkin kujeru ba.

A wata na huɗu ta ce za ta shiga gasa. Ta taso a ta biyar. Kafin zagaye na bakwai ta wuce mutum ɗaya, ta manne a bayan Likita wanda ke na uku. Nan ta maƙale. Ta fi shi sauri, kowa a rumfa yana gani, amma duk inda ta leƙa sai ta tarar ya rufe. Ta gwada dama, ya rufe. Ta gwada hagu, ya rufe. Zagaye shida suna haka. Ni da na zauna da ita shekara talatin da biyar, daga yadda hularta ke karkata na san ranta ya fara ɓaci.

Akwai wata kwana a ƙarshen filin da ake kira Ƙugiya, don mutum juyowa yake gaba ɗaya ya fuskanci inda ya fito. A zagaye na goma sha huɗu Likita ya ɗan buɗe kafin ya karya kwanar, kamar yadda kowa ke yi. Ita kuwa ta ga ɗan wuri ta ciki wanda ko keke ba zai shiga ba, ta cusa kai ba birki. Gaban motarta ya daki gefen tasa. Ya juya sau ɗaya da rabi ya faɗa cikin tayoyi. Ita ta wuce abinta.

Mai filin ya busa usur, ya ɗaga baƙar tuta ya nuna ta da ita. Ma'anarta kowa ya sani: fito, an kore ki daga gasar.

Ta shigo rumfa ta cire hula, gumi na zuba.

"A kan me?"

"Anti, kin buge mutum," mai filin ya ce.

"Hanya na gani na shiga. Shi ya juyo kaina."

"Babu hanya a wurin. Kuma wata mai zuwa, in za ki shiga, daga baya za ki taso."

"Ko daga bakin titi ka ce in taso zan taso. Amma gaskiyata ce."

Likita ya taho a ƙasa, hularsa a hannun hagu, na dama ya rungume shi a ƙirji. Ya shiga motarsa ya tafi.

A hanyar gida muna tsaye a danja ta ce, "Malam, kai ka gani. Faɗi gaskiya."

Na san amsar da take so. Na kuma san cewa in na ba ta ita, ranar da ta gane za ta raina ni.

"Ke ce da laifi," na ce.

Danja ta ba da hannu, na ja mota.

Kwana uku ban ji muryarta ba sai a gaisuwa. Shagon a jikin gidanmu yake, kuma daga falo ina jin keken yana ruri kamar zai tashi sama. Ranar Laraba ƙanenta ya zo da wayarsa. Ashe wani ɗan kallo ya ɗauki abin da ya faru. Ya ajiye wayar a kan teburin yanka, kusa da almakashi, ya ce, "Yaya, ni ban ce komai ba," ya fita ya zauna wurina. Muna jin ƙarar karon tana maimaituwa ta bango. Na ƙirga sau bakwai.

Da safiyar Alhamis ta fito da mayafin unguwa.

"Ɗauko makullin mota. Ka san inda asibitin Likitan nan yake?"

Asibitin ɗakuna biyu ne a saman wani kantin magani. A ɗakin jira akwai kujerun roba shida, da hoton ƙaton haƙori a bango, da wani bawan Allah da kuncinsa ya kumbura kamar ya ɓoye ƙwallo a baki. Matar da ke karɓar baƙi ta tambaya wanne haƙori ne ke ciwo. Matata ta ce ba haƙori ba ne, amma za ta bi layi. Muka zauna kusan awa guda muna jin kukan injin haƙa ta bayan ƙofa.

Da muka shiga, Likita na zaune gefe a kan kujera mai taya, wata abokiyar aikinsa ce ke wanke hannu bayan ta sallami mai kumburin. Wuyan hannunsa na dama a naɗe yake da bandeji. Na ga matata ta tsaya tana kallon hannun. Ita ma da hannu take ci.

"Kwana nawa ba ka yi aiki ba?" ta tambaya.

"Tun ranar. Targaɗe ne kawai, Anti. Mako mai zuwa zan koma."

"Likita, haƙuri na zo ba ka. Laifina ne, ba rabi ba, duka. Na kalli hoton. Babu hanya a wurin, zuciya ce ta nuna mini hanya."

Ya yi murmushi. "Ya wuce. Ku zauna mana, Malam."

Babu wurin zama sai kujerar cire haƙori, don haka ni na tsaya, ita ta ɗosana a bakinta. Ya jawo takardar rubuta magani, ya juya bayanta, ya kama biro da hannun hagu ya zana filin a karkace.

"Kin fi ni sauri a kwana, wannan ba gardama. Amma kina manne mini a baya kamar kaska. In na taka birki, dole ki taka. Saurinki duk a bayana yake mutuwa." Ya ɗora biro a kan Ƙugiya. "Ba a nan ake wuce mutum ba. A nan ake shirya masa. Ki ɗan ja baya, ki buɗe sosai ta waje, ki bar ni in shiga ciki in matse kaina. Ni zan fito a hankali, ke ki yanko ta bayana ki fito da gudu. Kafin mu kai rabin miƙaƙƙiyar hanya kina gefena, kuma ba ki taɓa ni ba."

Ta karɓi takardar ta daɗe tana dubawa.

"Me ya sa kake gaya mini? Kai zan wuce fa."

"Na sani. Gara ki wuce ni da dabara da ki wuce ni da karo. Hannu biyu kacal gare ni."

Asabar uku da suka biyo baya, tun kafin a buɗe wa jama'a muke isa. Ƙanenta ya shiga wata motar ya zama mata shinge, ya tare nan ya tare can, ita kuma tana koyon ja da baya. Wannan ya fi mata wuya fiye da duk abin da ta koya a filin. Ranar farko sau huɗu ta dungure shi ta baya, har ya tsaya ya cire hula ya ce, "Yaya, ni fa ƙanenki ne, uwa ɗaya uba ɗaya." A mako na biyu ta wuce shi sau biyu ba ta taɓa shi ba. A na uku ya fito yana girgiza kai, ya ce shi ya gaji da zama abin gwaji.

Ranar gasa, muna sauka daga mota sai ga Auta a bakin rumfa, ta rungume wata 'yar jakar agajin gaggawa.

"Ba kallo na zo ba," ta ce. "Aiki na zo."

"Madalla. Zauna kusa da babanki, ki riƙe masa littafi."

Matata ta taso ta goma, ita ce ƙarshen layi. A gaba akwai wani injiniyan lantarki da ya ci gasar wata uku a jere, Likita na biye da shi, hannunsa ya warke. Da tuta ta sauka, mutum uku suka cukuikuye a kwanar farko, kowa na son shiga kafin ɗan'uwansa. Da a watan jiya ne, da ita ce ta huɗunsu. Ta ɗaga ƙafa, ta zagaye su ta waje kamar mai kauce wa kwata, ta fito ta bakwai.

Daga nan ta fara tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi gaggawa ba. Sai ta bi mutum zagaye ɗaya ko biyu tana karantar sa, sannan ka ga ta fito gefensa a miƙaƙƙiyar hanya. A zagaye na shida tana ta biyar. A na goma sha ɗaya tana ta huɗu. Auta ta daina rubutu tun a na takwas, ta miƙe tsaye, jakar agajin ta faɗi ƙasa ba ta ma sani ba.

A zagaye na goma sha biyar ta wuce na uku, sai ga farar hula a gabanta.

Likita bai yi mata sassauci ba, kuma da ya yi da ba ta yafe masa ba. Ya san abin da za ta yi tunda shi ya zana mata, don haka ya daina matse kansa a Ƙugiya, ya riƙa bin tsakiya. Zagaye na goma sha shida ta gwada, suka fito kai ɗaya, ya riga ta shiga kwana ta gaba. Na goma sha bakwai ma haka. A na goma sha takwas ya buɗe da yawa, ga wuri ta ciki, irin wancan na watan jiya har ya ɗan fi shi faɗi. Na ji Auta ta damƙe mini hannu. Gaban motar matata ya leƙa wurin, sannan ya koma. Ta bar shi.

A na goma sha tara ta canja salo. Tun daga nesa ta karkata ciki kamar wadda haƙurinta ya ƙare, za ta cusa kai. Likita ya gani, ya rufe cikin da sauri. Kafin ya gama rufewa ta riga ta koma waje. Ya shiga kwanar a matse, motarsa ta yi nauyi, ita kuwa ta yanko ta bayansa, injinta na tashi sumul. Suka jero a miƙaƙƙiyar hanya, tsakaninsu bai fi tafin hannu ba. A daidai rumfarmu gabanta ya wuce nasa.

"Umma! Umma, taka! Taka shi!"

Ma'aikaciyar jinyar ce ke wannan ihun, tana tsalle a kan benci.

Ta gama ta biyu. Injiniyan ya riga ta da daƙiƙa huɗu, Likita na bayanta da rabin daƙiƙa. Da suka tsaya, Likita ya cire hula ya zo inda take yana haki.

"Wannan ta ƙarshen ban koya miki ita ba."

"A'a. Wannan adon ɗinki ne, na ƙara da kaina."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Mai filin ya miƙa mata ɗan kofi na roba mai ruwan azurfa, ta juya shi ta duba gindinsa kamar mai duba ɗinkin wani, ta ba Auta ta riƙe. Sannan ta ja ni gefe, ta ƙwace littafin, ta bi lambobin da yatsa.

"Malam, a zagaye biyar na farko nawa na ɓata a bayan mutane?"

Na duba. "Wajen daƙiƙa bakwai."

"Shi kuma da huɗu ya riga ni."

"Haka ne."

Ta waiwaya ta dubi injiniyan, yana tsakiyar abokansa ana ɗaukarsa hoto da babban kofi, bakinsa har kunne.

"Kar ka gaya masa," ta ce. "Bar shi ya ji daɗin watansa. Mu je, akwai mai zuwa karɓar riga da azahar."